Shige Mai Dankali da Roka ta Uku

Ƙanena Shigeyuki ya yi shekara talatin da ɗaya yana sayar da gasasshen dankali a Amagasaki, kuma ban taɓa ganin ya ƙona ko guda ba sai bara. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka labarin wawa zan bayar. Da wawa ne da ban ɓata bakina ba. Abin da ke ci mini rai shi ne mutumin nan yana da wayo, kuma wayon nasa ne ya kai shi ya baro.

Ni ce babba. Sunana Fusae, na girme shi da shekara biyar, ni na goya shi lokacin da uwarmu ke aiki a masana'antar kwalba. Yanzu ina da sittin da shida, ina ninke zannuwan gado a wani gidan wanki kwana huɗu a mako. Mijina ya rasu, matar Shige kuwa ta tattara nata ya nata tun yana da gashi a ka, sai muka dawo gidan iyayenmu, ni a ƙasa shi a sama.

Abin da Shige ya mallaka a duniya mota ce guda ɗaya, 'yar ƙaramar fara ta ɗaukar kaya, da tandar ƙarfe a bayanta cike da tsakuwa, da bututun hayaƙi, da jar fitilar takarda. Bai taɓa biyan kuɗin fansho ba, ko na wata ɗaya. Idan na yi masa faɗa sai ya daki gefen motar ya ce, "Ga fanshona nan, Yaya, har da taya huɗu." Kuma gaskiyarsa ce. Muddin motar na tashi, to yana da abin ci, yana da dalilin saka takalmi da safe. Ya iya sana'ar ƙwarai. Dankalinsa sai ya kwanta wata biyu a kwali kafin ya ga wuta, don zaƙi ya zauna, kuma da hanci yake sanin ya nuna. Tsofaffin matan unguwa suna sonsa saboda yana yi musu gyara yana zaginsu.

Sai dai dankali abin sanyi ne. Daga Afrilu zuwa Satumba ba mai kallonsa, shi ya sa duk bazara Shige ke zama kura. Haka ake kiran irinsu a gidajen cacar inji da muke kira pachinko, ba ni na laƙaba masa ba. Injunan cacar nan masu madanni uku, yawancinsu suna da abin da ake kira tenjo, wato rufi. Idan inji ya yi juyi kaza bai ba da garaɓasa ba, ɗari tara da casa'in da tara ko makamancin haka, to dole ya bayar, haka aka ƙera shi. A saman kowane inji kuma akwai allo da ke nuna juyi nawa aka yi tun garaɓasar ƙarshe. Kura ba ya zama ya fara daga sifili. Yawo yake yi tsakanin layuka, hannu a baya, yana kallon alluna, har ya ga wani ya zuba kuɗinsa zuwa ɗari bakwai ya ƙare ya tashi yana tsaki. Sai ya zame kan kujerar tun ba ta huce ba, ya ƙarasa ragowar, ya kwashe.

"Ni ba caca nake yi ba," in ji shi. "Ragowar wawaye nake ci."

Dokokinsa biyu ne. Ba ka zama a injin da bai yi zurfi ba, kuma injin da ka haƙa da kuɗinka ba ka tashi ka bar wa wani, ko gidanku ne ke cin wuta. Da waɗannan biyun ya ci bazara ashirin da wani abu bai taɓa roƙona yen ɗaya ba. Ina raina abin a baki, amma a zuciyata na yarda ƙanena ba ya cikin waɗanda ake ci.

Shekara biyu da suka wuce gidan pachinkon da ke bakin tashar jirginmu ya rufe, aka mai da shi kantin magani. Na kusa da shi ya bi baya. Wanda ya rage yana da nisa, ga gwiwar Shige ta fara ciwo, ga samarin kuraye masu waya a hannu da ke riga shi kujera. Bazarar bara haka ya yi ta a kwance a sama yana kallon bidiyo a waya, kuma a nan tallan wani wasan caca na waya ya same shi.

Wasan yana da wani suna na Turanci da bai iya faɗa ba, Roka kawai yake ce masa. Na gan shi har na haddace shi, don haka bari in faɗi abin da ke ciki. Baƙin sararin sama ne da taurari, layuka biyar suna juyawa, cike da duniyoyi kala-kala da wani ɗan sama jannati mai murmushin da nake jin kamar in mare shi. Idan tauraro mai wutsiya ya faɗo yakan cike gurbin kowace alama. Wani lokaci baƙin rami ya buɗe a tsakiya ya haɗiye alamomi ya ninka abin da aka ci. Amma babbar garaɓasa sai roka uku sun fito tare, a nan ne ake tashi da kai zuwa wata duniya a ba ka juyi goma sha biyu kyauta, ninki yana hawa. Wanda ya ƙera abin nan, ko a wace ƙasa yake, ya san aikinsa na mugunta. Roka biyu suna fitowa kusan kullum. Da sun fito sai kiɗan ya canza, layin ƙarshe ya rage gudu, wayar ta yi ta rawa a hannunka, roka ta uku ta leƙo ta wuce da kaɗan.

Akwai kuma wani madanni a gefe da za ka biya ninki ɗari na juyi guda a ba ka garaɓasar nan take. Shi Shige bai taɓa taɓa shi ba, har alfahari yake da hakan.

"Wannan na yara ne. Kura ba ya sayen nama."

"Kura kuma ba ya shiga hannun 'yan sanda? Ka san abin nan haramun ne a ƙasar nan ko?"

"Wa zai zo Amagasaki neman mai dankali, Yaya? Suna da aikin yi."

Abin da ya dame shi ɗaya ne, wasan ba shi da allon lamba. Sai ya fito da 'yar na'urar ƙirgen nan ta hannu da yake amfani da ita a da, kowane juyi ya danna ƙat. Makon farko roka uku sun fito masa sau biyu da wuri, ya sayo mini naman sa mai tsada, ni kuma na ci, ban tambaya ba. Daga nan suka ɗauke. Ya kai ɗari tara da casa'in, ya ɗaga kuɗin juyi don garaɓasar ta zo da ƙiba, ya wuce dubu, ba komai. Ya sauko yana sosa ƙeya ya ce injin ƙasar waje ne, rufinsa ya fi zurfi, dubu da ɗari biyar ne. A dubu da ɗari biyar ya sake ɗagawa. Sai ya ce dubu biyu.

Na ce masa ya bari mana. Ya kalle ni kamar na ce ya bar motarsa a buɗe a kasuwa.

"In tashi yanzu? Bayan na haƙa dubu biyu? Wani ƙato a wata ƙasa yana can yana jira in tashi ya zauna a kujerata."

"Wace kujera? A kan shimfiɗarka kake, da gajeren wando."

"Ba za ki gane ba."

Bai ma yarda ya rufe wasan ba, don a gidajen pachinko akan goge lambar inji kafin a buɗe da safe, shi kuma yana tsoron in ya kashe wayar haka za a yi masa. Oktoba ta zo, aka fara dankali, wayar tana maƙale a gaban motar da igiyar caji, ɗan sama jannatin nan yana ta murmushi.

Wata Talata da la'asar na taso daga aiki na biya ta bakin babban kanti inda yake tsayawa. Tun daga nesa na ji ƙauri. Mata uku suna tsaye a bayan motar da jakunkuna, baƙin hayaƙi yana fita daga bututu, shi kuma yana zaune a gaba, kai a sunkuye, ƙat, ƙat. Na buɗe tandar da kaina. Dankali sha huɗu, duk sun zama gawayi. Ɗaya daga cikin matan, wadda ta fi shekara ashirin tana saye a wurinsa, ta ce a hankali, "Ba shi da lafiya ne?" Na ce eh, ba shi da ita. Kunya ta hana ni kallon fuskarta. Da suka tafi na zagaya na buɗe ƙofar na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta a nan ba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce roka biyu ne suka fito masa sau uku a jere, alama ce ta kusa.

A farkon Disamba ajiyarsa ta ƙare. Ban sani ba sai da na ga wani mutum mai jar jaket yana zagaya motar a ƙofar gida, yana leƙa ƙarƙashinta, yana ɗaukar hoto. Dillalin tsofaffin motoci ne. Ya yi mata kuɗi yen dubu ɗari biyu da tamanin, ya ce zai dawo Asabar in an shirya. Bayan ya tafi na hau sama ban ko cire takalmi ba.

"Motar za ka sayar?"

"Na ɗan lokaci ne. Ina dubu biyu da ɗari tara da arba'in. Rufin dubu uku ne, na tabbata. Da ta fashe zan sayi wadda ta fi ta."

"Shekararka sittin da ɗaya, ɗan banza. Ba ka da fansho, ba ka da gwiwa. In motar nan ta tafi me za ka zama?"

"Yaya, kina tsaye a kan igiyar caji."

Na san maganata ba ta shiga kunnensa, tun yana ɗan shekara bakwai ba ta shiga. Sai na nemo wanda zai ji. Hirabayashi-san shi ne ya yi shekara talatin yana gyara da saita injuna a gidan pachinkon da ya rufe, kuma Shige yana ganin girmansa fiye da na ubanmu. Na same shi a wurin wasan ƙwallon tsofaffi, na roƙe shi har da sunkuyawa. Ranar Alhamis da hantsi ya zo, na dafa shayi, na kira Shige ya sauko da wayarsa.

Tsohon ya saka tabarau ya karɓi wayar. Ya buɗe shafin ƙa'idojin wasan ya karanta a nutse, yana bin layi da yatsa. Sannan ya ajiye ta a kan tebur.

"Shige, wa ya ce maka abin nan yana da rufi?"

"Ai kowane inji yana da shi, Hirabayashi-san."

"Namu ma ba duka ba. Kuma masu shi, an rubuta a takardarsu, na karanta, kai ma ka karanta. Nuna mini inda aka rubuta a nan."

Shige ya sunkuyar da kai, tsohon ya ci gaba.

"Injinmu yana tuna juyin da ya wuce, don an saka masa abin tunawa. Ni nake buɗe cikinsa, na sani. Wannan bai san ka ba. Juyinka na dubu biyu da ɗari tara daidai yake da na wanda ya fara yau da safe. Babu ramin da ka haƙa, babu kujerar da wani zai gada. Roka biyun nan da ke sa gabanka faɗuwa ado ne kawai, tun kafin layin ya tsaya an gama yanke hukunci. Kai da ka shekara ashirin kana cin ragowar wawaye, yau wa kake ganin ana ci?"

Na ga kunnuwan ƙanena sun yi ja. Ya juya 'yar na'urar ƙirgen a hannunsa, ya kalli lambar, ya kifa ta. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "To shi ke nan. Zan kira dillalin in ce na fasa." Na ji wani sanyi a raina da na yi wata huɗu ban ji ba.

Da na bar maganar a nan da yau motar tana ƙofar gida. Amma ni Fusae ce, ban iya cin nasara in yi shiru ba. Na tambaye shi nawa ya rage a cikin wasan, ya ce 'yan canji ne, kamar juyi sittin a mafi ƙarancin kuɗi. Na tura masa wayar.

"To murza. Murza har dubu ukun naka, a gaban Hirabayashi-san, ka gani da idonka babu komai. Ba na son gobe ka ce ni na hana ka arziki."

Tsohon ya ce, "Fusae-san, da kin bari." Ban saurare shi ba.

Shige ya murza ba tare da ɗoki ba, kamar mai wanke kwanon da ba nasa ba. Hannunsa da kansa ya koma kan na'urar ƙirge. Saba'in, tamanin, tamanin da biyar. A dubu biyu da ɗari tara da casa'in da ɗaya roka biyu suka fito, kiɗan ya canza, layin ƙarshe ya rage gudu, ni har na fara murmushin mugunta. Roka ta uku ta zo ta tsaya cak.

Wayar ta cika da haske. Ɗan sama jannatin ya ɗaga hannu, aka tashi zuwa wata jar duniya, juyi sha biyu kyauta, baƙin rami ya buɗe sau biyu, ninki ya hau har ashirin. Mu uku muna zaune shayi yana hucewa. Da aka gama, abin da ya fito yen dubu talatin da takwas ne, kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na abin da ya zuba ba. Shige bai ko kalli kuɗin ba, na'urar ƙirgen ya ɗaga ya nuna wa tsohon.

"Saura tara ya cika dubu uku. Kun gani ko?"

"Dace ne kawai, Shige."

"Dace? Tun yaushe nake cewa dubu uku? Yaya, ke shaida ce. Yanzu na san rufin. Zan bi shi da ƙaramin kuɗi har dubu biyu da ɗari tara, daga nan in zuba masa dubu goma-goma. Da yau ina da jari da tuni mun sayi gidan maƙwabta."

Hirabayashi-san ya cire tabarau ya saka a aljihu, ya gode mini da shayi. A bakin ƙofa, yana saka takalmi, ya ce da Shige bai ci ba da ya tsira. Bai ce laifina ne ba, ni ma ban buƙaci ya faɗa ba.

Juma'a na yi duk abin da na iya. Na zage shi, na yi kuka, na ɓoye takardun motar a cikin buhun shinkafa. Ya bi gidan kwano-kwano har ya gano su, ya kaɗe su ya saka a riga, ko fushi bai yi ba. Fara'a ma yake yi, har yana tambayata wace irin na'urar ɗumama ɗaki nake so ya saya mini. Wannan fara'ar ta fi komai ƙona mini rai. Ina fushi da shi, ina fushi da mutanen da ban san fuskarsu ba da suka zauna a ofis suka zana rokar da ke leƙowa ta wuce, ina kuma fushi da bakina.

Asabar da ƙarfe goma dillalin ya zo. Ya ce wani manomi ne zai saya, ba ya buƙatar tanda, za su cire ta a garejinsu su sayar a matsayin ƙarfe. Na kira Shige daga ƙasan bene. Ya buɗe taga ya jefo makulli da takardun a cikin leda.

"Yaya, miƙa masa. Ina ɗari shida da wani abu, ba zan iya tashi ba."

Na tsince su daga ƙasa na miƙa. Na sauke kwalayen dankali biyu da suka rage a baya na jingine a bango. Mutumin ya shiga ya tayar da mota.

A saman motar akwai lasifika, a haɗe take da makulli, in ba ka kashe wani ɗan madanni a ƙarƙashin sitiyari ba, da mota ta tashi ita ma ta tashi. Muryar Shige ce a ciki, wadda ya ɗauka yana ɗan shekara talatin, yana jan kiran dankali mai zafi a hankali yadda ake ja. Dillalin ya lalubi madannin bai samu ba, ya ɗaga kafaɗa ya ja mota. Haka ta bi layinmu tana kira. Ƙofofi suka fara buɗewa. Tsofaffin mata suka fito da silifas da 'yan jakunkunan kuɗi suna ɗaga hannu, motar ta wuce su ba ta tsaya ba, suka juyo suna kallona. Har ta sha kwana ina jin muryar.

Na hau sama da niyyar in fasa wayar nan da ƙasa. Yana zaune a kan shimfiɗa, baya a lanƙwashe, hasken taurarin yana wasa a fuskarsa. Bai ɗago ba.

"Yaya, rufe mini taga. Surutun nan yana ɓata mini ƙirge."

Na rufe masa.